Koren da Ba Wanda Ya Saya

Ranar da komai ya sauya, katangar bakin teku ta wayi gari koriya.

Na tarar da Kinanti tsaye a gabanta cikin yayyafi, ba takalmi a ƙafarta, hannayenta biyu a kan bakinta.

"Mas Tejo... dubi."

Na duba. Jiya da yamma mun bar zanen rana, ƙatuwa, rawaya, tana zaune a saman shuɗin teku. Yanzu ranar ta narke. Ruwan da aka kwana ana yi ya jawo ta ƙasa layi-layi, ta shige cikin shuɗin. Duk yaron da ya taɓa wasa da fenti ya san abin da rawaya da shuɗi ke haifarwa.

Kore. Daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Yana kallon ruwa.

"Ban sayi kore ba," ta ce. "Wallahi ko gwangwani ɗaya ban saya ba!"

"Na sani."

"Jiragen fa? Sun fita?"

Na juya na kalli rairayin da ake jan jiragen kamun kifi. Wayam. Tun kafin gari ya waye suka fita, ba wanda ya ga katangar. Yayana Harjo na cikinsu.

Na juyo gare ta. A fuskata ta gani.

"Na shiga uku..."

* * *

A garinmu ba a zuwa bakin ruwa da kore. Launin Sarauniyar Tekun Kudu ne, kuma duk wanda ya sa shi ta ɗauka nata ne, sai ta aiko a tafi da shi. Ganyen kwakwa kore ne, amma wannan Allah ne ya yi. Na ɗan Adam ne ba ta yafewa. Limaminmu yakan ce camfi ne, ya faɗa da ƙarfi a kan mumbari, sai dai ban taɓa ganin koriyar hula a kansa ba.

Ni malamin firamare ne a lokacin, mai littattafan da suka fi kayan ɗakinsa yawa. Na san ruwa ne mai komawa baya da ƙarfi ke jan mutane. Na sha zana wa yara shi a allo, har da kibiyoyi. Mahaifina da farar riga ya tafi a tekun nan. Sarauniyar ba ta tsaya duba launi ba. Mahaifiyata, Bu Parti, wato Inna Parti, ta ce igiyar da ya ɗaure ƙugunsa da ita koriya ce. Ba wanda ya ga igiyar. Gawar ma ba wanda ya gani.

Katangar kuwa an gina ta ne don ta tare babbar igiyar ruwa idan ƙasa ta girgiza. Doguwa, mai launin toka, ba fasali. Samarin gari suka mai da inuwarta wurin shan taba da rubuta sunayen 'yan matan da suka ƙi su. Shi ne aka turo Kinanti daga birnin Jogja ta tara matasa su yi mata zane, irin wanda zai nuna wa ko da wanda bai iya karatu ba hanyar gudu zuwa tudu.

A ajina aka yi taron farko, don shi kaɗai ne rufinsa ba ya yoyo.

Ta shigo da 'yar jaka a kafaɗa, siririya, mai saurin dariya. Mbah Sastro, wato Kaka Sastro, tsohon da ke kai wa teku sadakar shekara, ya zauna a gaba ya dogara sandarsa.

"Jikata," ya ce mata, "ki zana abin da kika ga dama. Amma katangar nan teku take kallo. Ban da kore."

"Ko ɗigo, Mbah?"

"Ko ɗigo."

Ta yi dariya. Ita kaɗai ta yi. Ta waiwaya ta ga ajin ya yi tsit, sai dariyar ta mutu a bakinta.

"To, Mbah. Na yi alkawari."

Da tsohon ya fita ta juyo gare ni, ta kira ni da Pak, wato Baba ko Malam, na girmamawa.

"Pak Tejo, kai ma ka yarda da wannan?"

"Ni? A'a."

"To ina koriyar rigarka?"

"Ba ya karɓata."

"Uhm. Haka liman ma ya ce min."

Na koma gida ranar na buɗe littafi, na daɗe a shafi ɗaya.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ta bari an taɓa buroshi ba sai da aka yi makonni ana magana. Ta ce kowane saurayi da budurwa ya je gida ya tambayi kakarsa abin da take so ta gani a katangar. Suka dawo da amsoshi: jirgi mai inji na farko da ya shigo garin, matan da ke shanya kifi, rijiyar bayan masallaci, wata akuya da ta taɓa cinye jawabin hakimi yana tsaka da karantawa. Gendut, ƙaton saurayin da ke jagorantar 'yan inuwar katanga, ya ce tasa kakar cewa ta yi a zana shi yana aiki, don ta taɓa gani kafin ta mutu.

"Mbak Kinanti, tudun fa?" in ji Lastri, 'yar mai shayi, don Mbak ake ce wa macen da ta girme ka. "Duk itatuwa ne. Da me za mu yi ganye?"

"Ja!" in ji Gendut.

"Kanka ne ja. Itace za mu zana ko gobara?"

"To ke faɗi, sarkin sani!"

"Ba ni zan zaɓa muku ba," Kinanti ta ce. "Katangarku ce. Ni baƙuwa ce, gobe na tafi."

Aka ɗaga hannu. Haka garinmu ya samu kwakwa masu shunayyan ganye. Hanyar tudu kuwa da tafin hannuwansu suka yi ta, kowa ya tsoma nasa a farin fenti ya manna, ɗaya bayan ɗaya, har sama.

Ni aikina riƙe tsani. Duk karatuna a nan ya ƙare.

"Pak Tejo, tsanin kake riƙewa ko littafi kake karantawa a ka?"

"Duka biyun."

"In na faɗo fa?"

"Zan yi miki bayanin abin da ya jawo ki ƙasa."

Ta yi dariya har tsanin ya girgiza. Ta sauko, fenti a kan hancinta, ta tsaya kusa da ni fiye da yadda tsanin ke buƙata.

"Mas..." ta ce.

Mace ba ta ce wa namiji Mas da irin wannan muryar sai yayanta ko wanda take so ya zama mijinta. Ni kuwa ba uwarmu ɗaya ba.

"Na'am, Dik." Haka namiji ke kiran ƙanwarsa, ko wadda yake so.

"Ka ji! Ashe bakin nan na iya faɗin abu mai daɗi."

"Kalma ɗaya ce."

"Zan riƙa tarawa, Malam Shiru. Ranar da suka cika jimla, ka zo ka nemi aurena."

A garinmu magana ba ta kwana a waje. Kafin in kai gida ta riga ni.

"Yarinyar da ta yi dariya a gaban Mbah Sastro?" Mahaifiyata ko ɗagowa ba ta yi ba daga shinkafar da take tsincewa.

"Ta ba shi haƙuri, Bu."

"Tekun ma ta ba shi?"

"Bu..."

"Na ba ruwan nan miji! Ɗana ɗaya kullum yana cikinsa! Ba zan kawo mai yi masa dariya cikin gidana ba, Tejo, ko da littattafanka za su yi magana su roƙe ni. Ga Ndari nan. Ita ta san abin da ake tsoro."

Ndari 'yar mai shagon kayan jirgi ce, tare muka taso. Kyakkyawa, natsattsiya, ta daɗe tana kawo wa mahaifiyata kifin da ya fi kowanne maiƙo. Ba ta taɓa ce min komai ba, ni ma ban ce ba, amma iyaye mata sun iya fassara shiru yadda suke so.

Fenti ya ƙare mana saura teku da rana. Muna zaune muna tunanin yadda za a yi, sai ga Ndari da amalanke, gwangwanaye a jere, shuɗi da rawaya.

"Mbak Kinanti, gudummawar shagonmu ce. Ai garinmu ne duka."

Kinanti ta rungume ta. "Allah ya saka miki, 'yar'uwa! Kin fitar da mu!"

Ndari ta kalle ni ta saman kafaɗarta. Sannan ta ɗaga kai ta kalli sama.

"Ku yi sauri ku gama," ta ce. "Damina ta kusa."

Gwangwanayen ba takarda a jikinsu. Ba wanda ya tambaya. Kyauta ce.

* * *

Kafin hantsi duk garin na bakin katangar. Ba wanda ya matso. Mata suka janye 'ya'yansu baya, kamar launin zai yi tsalle ya kama su. Sama ta yi baƙi ta wajen kudu, ruwan ya fara tashi yana faɗuwa da wata irin ƙara da na sani tun ina yaro, tun ranar da muka tsaya a wannan rairayin muna jiran mahaifina.

Mbah Sastro ya zo a hankali. Ya kalli katangar. Ya zauna a ƙasa.

"Kin yi alkawari, jikata."

"Mbah, ban saya ba... ruwa ne ya haɗa su... wallahi ruwa ne..."

"Sarauniya ba ta tambayar wanda ya saya." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "A rufe shi kafin ruwa ya cika. In ya cika ya taɓa shi, ni ban san abin da zan ce mata ba."

Ba wanda ya motsa.

Sai ga mahaifiyata, Ndari na riƙe mata da lema.

"Ke!"

Kinanti ta durƙusa. "Bu, don Allah..."

"Kada ki ce min Bu! Ban haife ki ba! Ɗana na cikin ruwan can, kin zo kin kafa mata tuta kina kiranta! In Harjo bai dawo ba..." Ba ta ƙarasa ba. Da ta ƙarasa da ya fi sauƙi.

"Dama na ji tsoron haka, Bu," in ji Ndari a hankali. "Tun ranar da ta yi dariyar nan."

Iyaye suka fara kiran 'ya'yansu. Na ga mahaifin Gendut, wanda bai kai kafaɗar ɗansa ba, ya ja shi da kunne. An tafi da Lastri tana kuka. Wani ya ce a sa baƙuwar a motar la'asar. Wani daga baya ya ce mota ta yi mata kyau da yawa. Ban juya na ga ko waye ba, don na gane muryar, kuma ɗansa na ajina.

Jiragen suka fara dawowa, suna gudun hadari. Ɗaya. Wani. Wani kuma. Kowanne ya iso sai wata mace ta saki ihu ta ruga. Mahaifiyata na tsaye tana kallon kowace fuska.

Na Harjo bai zo ba.

Ban ga lokacin da Kinanti ta tashi ba. Sai dai na hange ta ta zagaya gaban katangar, a 'yar siririyar rairayin da ta rage tsakanin bango da teku, da bokitin farin fenti a hannu. Ta shafa. Jiƙaƙƙen bango ba ya riƙe fenti. Farin ya gauraya da abin da ya tarar, ya ba da wani kore mai haske, irin na ɗanyen ganye.

Wata tsohuwa ta ƙwalla ƙara. "Shi ne! Shi ne ainihin nata!"

Kinanti ta jefar da buroshin. Ta tsinci ɓawon kwakwa ta hau gogewa da hannu biyu. Launin ya biyo hannayenta, ya gangaro gwiwar hannu, ya sauka a farar rigarta. Ruwan sama ya baza shi. Ta share fuska da mayafinta, shi ma ya kama.

Kafin mu ankara, ga mace tsaye a bakin Tekun Kudu, koriya daga kai har ƙafa.

Mutane suka ja da baya gaba ɗaya.

Na san sunan ruwan da ke jan mutane. Na san ba ya ganin launi. Amma ƙafafuna ba su karanta littafin ba. Suka kafe a ƙasa. Kuma ko Sarauniya ko ba Sarauniya, ruwan na cika, bangon na bayanta, ba ta da wurin gudu.

Igiyar farko da ta lashi ƙafarta ce ta sake ni.

"Dik! Dik, fito daga nan!"

Ta juyo. Haƙoranta na haɗuwa, yatsunta na jini. Ta kalli jikinta, ta kalle ni, ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Mas... ya yi min kyau?"

"Cire shi! Don girman Allah fito!"

"In na fito yanzu, ni ce na kashe yayanka. Har abada."

"Ba ke ba ce!"

"Je ka faɗa wa mahaifiyarka."

Ruwa ya buge mu a gwiwa, ya ja rairayin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Ta kama hannuna ta ƙanƙame.

"Ina jin tsoro, Mas..."

"Ni ma."

"Kai da ba ka yarda ba?"

"Ba ni ɓawon nan."

Na hau gogewa a gefenta. Ba abin da ke fita. Bazawa kawai muke yi. Na sani, ita ma ta sani, amma ba mu daina ba, don wanda ya daina sai ya juya ya kalli abin da ke bayansa.

Sai wani abu mai nauyi ya faɗo daga sama ya rufe bangon a gabana. Tamfol ne, baƙi, mai warin kifi.

"Mbak! Pak Tejo! Ku kauce!"

Gendut ne a saman katangar, kunnensa har yanzu ja. Bayansa ga Lastri, ga sauran, sun jeru a kan bango kamar tsuntsaye. Kowa da abin da ya sato daga gida: tabarmi, tsohon filafilan jirgi, taru, labulen ƙofa, zannuwan iyayensu mata. Suna sakowa, suna danne bakin da duwatsu.

"Gendut! Sauko, ɗan banza!" mahaifinsa ke ihu.

"Hannuna na jikin bangon nan, Pak! Katangar tawa ce!"

"Ku koma!" Kinanti ta ɗaga murya. "Za a yi muku duka!"

"An riga an yi, Mbak!" in ji Lastri. "Kada ya tafi a banza!"

Koren ya fara ɓacewa, ƙyalle bayan ƙyalle. Lastri na jan wani zani sai ta tsaya. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Ta miƙe tsaye a kan bangon.

"Jama'a, ku duba! Itatuwan ba su zuba ba! Hannayenmu ba su zuba ba! Akuyar ma tana nan! Teku da rana ne kawai!"

Gendut ya dangwali shuɗin, ya murza a yatsa, ya sansana.

"Wannan ai na cikin ɗaki ne. Na ruwa." Ya juya ya nemi lemar a cikin taro. "Mbak Ndari! Shagon da ke sayar da fentin jirgi ne bai san wanda ruwa ke wankewa ba?"

Kowa ya juya.

Ndari na tsaye a gefen mahaifiyata, busasshiya a ƙarƙashin lemarta.

"Ni... ni so nake kawai ta koma garinsu," ta ce. "Na zaci da safe za a gani kafin... Ban san jiragen za su fita ba, Bu. Wallahi ban san za su fita ba!"

Mahaifiyata ta kau da kai daga gare ta. Fita kawai ta yi daga ƙarƙashin lemar.

Tun ranar da mahaifina ya tafi ba ta sake taka jiƙaƙƙen rairayi ba. Ko kifi za ta saya daga bakin hanya take tsayawa. Ranar na ga ta zagayo katangar, tana dafa bango, idonta a rufe rabi, bakinta na motsi. Ruwa ya kai mata cinya. Ta kwance babban mayafinta mai ruwan ƙasa, ta lulluɓe Kinanti da shi daga kai har ƙasa, ta ƙudundune ta kamar jaririya.

"Rufe, 'yar nan. Rufe, kada ta gan ki."

"Bu, ban gama ba..."

"Kin gama!" Ta damƙe ta da hannu ɗaya, ni da ɗayan, ta ja mu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta juya ta fuskanci tekun, ta yi masa tsawa kamar karen maƙwabta. "Ba za ka ƙara cin nawa ba!"

Mun hau tudun hanya kenan igiyar da ta biyo baya ta daki bangon har sama.

Kinanti na rawar sanyi a cikin mayafin. Ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Mas... ka ji? Cewa ta yi nawa."

* * *

Harjo ya dawo bayan la'asar. Ta hanyar mota ya dawo, a bayan akori-kurar kabeji, da shi da abokan aikinsa. Injin ne ya mutu, iska ta tura su wani gaɓa can gabas. Ya sauko ya tarar da gari na kuka, ya kalli katangar, ya ce, "Wa ya ɗaura wa bango zanin Bu?"

Mbah Sastro ya ce rufewar ce ta cece su. Liman ya ce addu'a ce. Harjo ya ce injin ne dai tsoho. Kowa ya riƙe nasa har yau.

Da rani ya shigo aka kankare, aka sake. Wannan karon matasan suka ɗaga ranar can sama, suka ja farin layi mai kauri tsakaninta da ruwa. Ndari ta yi aure a wani gari. Na ji ta yi ƙiba, ta yi arziki, jikokinta sun cika gida. Littattafan da na karanta ba haka suke ƙarewa da irinta ba, amma ba su ne ke rabo ba.

Mahaifiyata da kanta ta jagoranci masu zuwa Jogja neman aure. Ranar ɗaurin aure na tambayi amarya ko jimlar ta cika.

"Ina fa! Gajiya na yi da jira."

Gidanmu na bayan katangar ne, ana jin teku daga ɗaki. Shekaru suka yi ta wucewa. Takan tuna, tana shanya kaya ko tana soya tempe, wainar waken suya, sai ta waiwayo.

"Malam Shiru, har yanzu ba ka ba ni amsa ba fa."

"Wace amsa?"

"Ka sani. Ya yi min kyau ko bai yi ba?"

Sai in nuna taga da haɓa. "Ana jin mu."

"Matsoracina," takan ce, ta ja min kunne. "Mai kibiyoyi a allo!"

Wasa ne. Ita ta ɗauka wasa ne gaba ɗaya. Ni kuwa duk lokacin da na buɗe baki sai in ji ruwan nan a gwiwata, yana jan rairayi daga ƙarƙashina.

Tekun bai ɗauke ta ba. Na so a ce shi ne, da na san inda zan je in yi zagi. Wani ƙari ne ya fito mata a ciki, shiru-shiru, ba hadari, ba ƙara. Likitoci a Jogja suka ce sai an yi aiki.

Da safe aka gunguro ta a kan gado mai taya. Ina tsaye a baranda. Na ga abin da suka sa mata.

Riga koriya. Hula koriya. Har mayafin da suka rufa mata.

Ta rame, idanunta sun faɗa, amma da ta ga fuskata sai ta fashe da dariya, irin ta ranar farko a ajina.

"Mas, dubi abin da suka sa min! Da Bu na raye da ta rushe asibitin nan."

Ban iya dariyar ba. Na kama ƙarfen gadon.

"Ba su da wani launi ne?" na tambayi ma'aikaciyar jinyar.

"Na ɗakin aiki kenan, Pak."

Kinanti ta lalubo hannuna. Nata ya yi sanyi.

"Masoyina, nan ba teku. Duwatsu ne tsakaninmu da shi. Ba mai jin mu." Ta gyara hular da ɗayan hannun, ta karkata kai. "To faɗa min."

Na buɗe baki. Gani nake in na faɗa, na miƙa ta ga Sarauniyar.

"Idan kin fito, Dik."

"Kullum haka..."

"Idan kin fito zan faɗa. Har da ƙari."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

"To ka tanada. Jimla nake so, ba kalma ɗaya ba."

Suka tura gadon. Ƙofar ta buɗe, ta rufe. Ta ƙaramin gilashin na hango hannunta a sama, tana kaɗa min yatsu.

Cikin fari, farin likkafani, suka fito min da ita.

Katangar na nan. Shunayyan ganyen sun koɗe, akuyar ta rasa ƙafa ɗaya. Gendut ya yi furfura, yanzu shi ke korar samari daga inuwar. Yaran da ke manna tafinsu a kan na iyayensu don su ga wa ya fi girma ba su san wadda ta tara iyayen ba. An ce min za a sake fenti, an turo wani yaro daga birni, yana so in zo taro in ba da shawara a matsayina na dattijo. Na ce ya tambayi kakanni. Ya rubuta, ya yi godiya, ya zaci hikimata ce.

Na ba makaranta littattafaina. Sun yi min bayanin komai, ban da abin da ke hana mutum buɗe baki.

Da hantsi nakan zagaya gaban bangon idan ruwa ya janye, in tsaya daidai inda ta tsaya. Tekun na nan yana kai da komowa, yana saurare. Yanzu ba ni da abin da zai ɗauka.

Ya yi miki kyau, Dik. Wallahi kore ya yi miki kyau.